Harsashin roba, barkonon tsohuwa da kulki: abin da suke bari a jikin Falasɗinawa

Duk ranar da aka yi arangama a Gaɓar Yamma da Kogin Jodan ko a Gabashin Ƙudus, rahoton da ke fitowa kusan iri ɗaya ne. A faɗi adadin waɗanda suka rasu, sannan a ce wasu tamanin ko ɗari sun jikkata, akasarinsu da harsashin roba da hayaƙi mai sa hawaye. Mai sauraro yakan tsaya a kan mamatan, ya yi musu addu'a, ya wuce. Su kuwa waɗanda suka jikkata, sai a ɗauka an wanke musu ido, an naɗa musu bandeji, sun koma gida. Nan ne gizo ke saƙa. A cikin wannan adadi da ba a waiwaya akwai yaron da aka cire wa ido, da magidancin da ƙodarsa ta tsaya bayan duka, da saurayin da zai shekara biyu da ƙarfe soke a ƙashin ƙafarsa. Makaman da aka ce an ƙera su don tarwatsa taro ba tare da kisa ba sun rage yawan gawawwakin da duniya ke ƙirgawa, amma sun tara naƙasassu da ba mai ƙirga su.

Mu fara da harsashin roba, domin a kansa aka fi yin rashin fahimta. Wanda sojojin Isra'ila ke harbawa a Gaɓar Yamma curin ƙarfe ne mai nauyin kimanin giram 15, an lulluɓe shi da 'yar fatar roba. Akwai mai siffar gwangwani da ake harba uku a tare daga wani bututu da ake ɗaurawa a bakin bindiga, akwai kuma mai siffar ƙwallo da ake watsa da yawa a harbi guda. Matsalarsa a cikin ƙirarsa take. Harsashin gaske yana juyawa a iska ya tafi inda aka saita shi. Wannan kuwa birgima yake yi. Idan aka harba shi daga kusa, ƙarfinsa ya isa ya fasa ƙoƙon kai. Idan aka harba shi daga nesa, ba mai iya cewa ga inda zai sauka, wanda aka auna wa ƙafa sai ya same shi a fuska, ko ya sami na kusa da shi. Tazarar da za a ce ya yi daidai, ba ya kisa kuma yana zuwa inda aka nufa, ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma a cikin hayaniya da gudu ba wanda ke tsayawa ya auna ta.

Dokokin rundunar kansu sun amince da wannan haɗari. Sun ce kada a harba daga ƙasa da mita arba'in zuwa hamsin, a auna ƙafa kawai, kada a harbi yara. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Isra'ila, B'Tselem, ta ƙirga aƙalla Falasɗinawa 58 da wannan harsashi ya kashe daga farkon 1988 zuwa ƙarshen 1998, kuma 28 daga cikinsu yara ne. Yawan yaran ba abin mamaki ba ne ga likita. Ƙoƙon kan yaro bai yi kauri ba, musamman gefen kunne. Tsayin yaro kuma ya sa abin da zai sami babba a ciki ko a cinya, shi a kai yake samunsa.

Bincike mafi tasiri a kan lamarin daga likitocin Isra'ila ya fito. A watan Oktoban 2000, 'yan sanda sun yi amfani da harsashin roba a kan Larabawa 'yan ƙasar Isra'ila da suka fito zanga-zanga. Likitocin asibitin Rambam da ke Haifa suka bi diddigin mutum 152 da aka tabbatar shi ne ya same su, suka buga sakamakon a mujallar The Lancet a 2002. Kusan huɗu cikin kowane raunuka goma, harsashin ya huda fata ya shiga jiki. Mutum uku sun mutu, biyu daga cikinsu ta ido harsashin ya bi ya shiga ƙwaƙwalwa. Hukuncin likitocin shi ne wannan makami ba amintacce ba ne wajen tarwatsa taro. Kwamitin binciken da alƙali Theodor Or ya jagoranta ya ba da shawara a 2003 a daina amfani da shi ta wannan hanya, 'yan sanda kuma suka daina a cikin Isra'ila. A Gaɓar Yamma aka ci gaba. Wannan bambanci shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk tarihin makamin: an gane illarsa, an rubuta, an ɗauke shi daga kan wasu, an bar shi a kan wasu.

Ido ne ya fi shan wahala. Ƙashin goshi da na kunci sukan kare ido daga abu mai faɗi, amma harsashin roba girmansa ya yi daidai da ramin idon, sai ya shige ba tare da ya gamu da shinge ba. Ƙwayar idon ta fashe, ƙasusuwan da ke bayanta, waɗanda ba su fi takarda kauri sosai ba, su farfashe. Ko ƙwayar ba ta fashe ba, bugun yakan ɓalle shimfiɗar gani da ke cikin ido, ko ya zubar da jini a ciki, ko ya jawo hawan jinin ido da zai cinye ganin a hankali bayan shekaru. Sau da yawa likita ba shi da zaɓi illa ya cire idon gaba ɗaya. Asibitin ido na St John da ke unguwar Sheikh Jarrah a Ƙudus ya rubuta raunukan ido 567 na lokacin boren Intifada na farko, daga 1987 zuwa 1993, kuma 154 daga ciki harsashin roba ko na leda ne ya jawo su. Wani nazari da aka buga a mujallar BMJ Open a 2017, wanda ya haɗa bincike 26 daga ƙasashe daban-daban, ya sami mutum 1,984 da irin waɗannan harsasai suka raunata: 53 sun mutu, 300 sun naƙasa har abada, yawancinsu makanta ce.

A Gabashin Ƙudus, inda 'yan sanda ke aiki maimakon soja, harsashin soso ake harbawa. Babba ne, faɗinsa milimita 40, kansa na soso mai tauri. A 2014 aka sauya mai launin shuɗi da baƙi, wanda ya fi nauyi ya fi tauri. A ƙarshen Agustan shekarar ya sami wani yaro ɗan shekara 16 a kai a unguwar Wadi Joz, ya rasu bayan mako guda. Daga nan ƙungiyoyin kare haƙƙi suka shiga tattara sunayen waɗanda suka rasa ido a unguwanni irin su Isawiyya da sansanin Shu'afat, da yawansu yara, wasu ma ba a cikin zanga-zanga suke ba. A Fabrairun 2020 wani yaro da bai kai shekara goma ba ya sauko daga motar makaranta a Isawiyya, harsashin ya same shi a fuska, ya rasa idon hagu. An rufe binciken ba a gurfanar da kowa ba.

Barkonon tsohuwa kuwa mun san shi, duk wanda ya taɓa tsintar kansa kusa da zanga-zanga a Kano ko Abuja ko Yamai ya ɗanɗana. Sanin da muka yi masa ne ma ke sa mu raina shi, don a wurinmu abu ne na rana ɗaya, a fili, iska ta kwashe. Sinadarin da aka fi amfani da shi ana kiransa CS, wasu Amurkawa biyu, Ben Corson da Roger Stoughton, suka haɗa shi a 1928. Gari ne mai laushi da zafin gwangwanin ke watsawa cikin hayaƙi. Idan ya taɓa wuri mai danshi, ido ko hanci ko maƙogwaro ko fatar da ta yi gumi, sai ya tada jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Ido ya rufe da kansa, majina ta zubo, hanyar numfashi ta matse, mutum ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Lafiyayyen saurayi da ya samu ya fita zuwa iska mai kyau yakan dawo daidai cikin rabin awa. Duk hujjar cewa ba shi da haɗari a kan wannan saurayi aka gina ta. Ko a cikin irinsa ma, binciken da aka yi kan sababbin sojojin Amurka, wanda aka buga a 2014, ya nuna cewa bayan an shaƙa musu shi a horo, yiwuwar kamuwa da ciwon hanyar numfashi ta ninka fiye da sau biyu.

To ina ga jariri, wanda yake numfashi da sauri fiye da babba kuma hanyar iskarsa siririya ce? Ina ga tsohuwa mai asma, ko dattijo mai ciwon zuciya da ba zai iya gudu ba? Ina kuma ga wanda hayaƙin ya iske a cikin ɗaki? Wanda ya taɓa shiga ɗakin da barkono ya ƙone a kan garwashi, ƙofa a rufe, ya san bambancin hayaƙin fili da na ɗaki. A rufaffen wuri sinadarin yakan taru ya kai matakin da zai ƙona hanyar numfashi, ya tara ruwa a huhu, ya kashe. Tun a 1988 Amnesty International ta yi ƙorafi kan rahotannin mutuwar Falasɗinawa kusan arba'in bayan shaƙar hayaƙin, galibi jarirai da tsofaffi da marasa lafiya, a gidaje da asibitoci da masallatai da aka harba shi ciki. A shekarar ce kamfanin Amurka da ke sayar wa Isra'ila shi ya dakatar da cinikin na ɗan lokaci.

Sansanin 'yan gudun hijira na Aida, kusa da Baitalami, shi ne ya nuna abin da ke faruwa idan shaƙar ta zama ta yau da gobe. Wuri ne ƙarami, mutum sama da dubu shida a cunkushe, katangar Isra'ila da hasumiyar soja na tsaye a gefensa, lunguna matsattsu, iska ba ta da hanyar fita. Masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Dakta Rohini Haar da Dakta Jess Ghannam, sun tattauna da mazauna 236 a 2017. Babu ko ɗaya da bai shaƙi hayaƙin ba a cikin shekarar da ta gabata. Kashi 84 cikin ɗari sun ce a cikin gidajensu ya same su. Fiye da rabi sun ce a wata guda kaɗai sun shaƙa tsakanin sau uku zuwa goma. Garin sinadarin ba ya tafiya da hayaƙi, yakan kwanta a katifa da labule da tufafin da aka shanya, uwa ta zo shara washegari ta sake tada shi. Mazauna sun yi kukan tari da ba ya ƙarewa, ciwon kai, ƙuraje, da asmar yara da ke tashi akai-akai. Mata sun yi maganar ɓari, kamar yadda aka yi ta yi tun 1988, sai dai har yau kimiyya ba ta yanke hukunci a kai ba, domin ba a taɓa yin babban binciken da zai bi masu juna biyu a irin wannan yanayi ba. Wannan ma abin dubawa ne. An shafe shekaru ana zuba sinadari a kan al'umma guda, amma kusan duk gwajin da aka dogara da shi kan lafiyayyun maza aka yi shi, masu shaƙa sau ɗaya na 'yan mintoci. Yarjejeniyar hana makamai masu guba ta 1993 ta haramta amfani da shi a matsayin makamin yaƙi, ta bar shi ga aikin 'yan sanda. A ƙasar da ke ƙarƙashin mamayar soja, soja ne ɗan sandan.

Gwangwanin kansa wani makami ne dabam. An yi shi don a harba sama ya faɗo ya yi hayaƙi. Idan aka saita shi kan mutum, ya zama dunƙulen ƙarfe mai zafi da gudu. Akwai wani nau'i mai cin dogon zango, wanda aka ƙera don ya fasa shinge. A Maris ɗin 2009 irinsa ya sami wani Ba'amurke mai fafutuka a goshi a ƙauyen Ni'ilin, ya rayu da lalacewar ƙwaƙwalwa da shanyewar ɓarin jiki. Bayan wata guda ya sami wani mutumin ƙauyen Bil'in a ƙirji, ya mutu, kyamara na ɗauka. A Disambar 2011 a Nabi Saleh, soja ya buɗe ƙofar bayan mota ya harbi wani saurayi ɗan shekara 28 a fuska daga 'yan mitoci, ya cika washegari. An rufe binciken mutuwar mutanen biyu ba tare da tuhuma ba.

Sauran kayan ba sai an daɗe a kansu ba. Akwai gurnetin firgitarwa mai ƙara da walƙiya, wanda ke fasa dodon kunne ya ƙona fata idan ya tashi kusa da mutum. Akwai ruwan wari da aka fara fesawa a 2008 daga manyan motoci, warinsa kamar na mushe da masai, yana sa amai, yana manne wa jiki da bango kwanaki. Ƙarfin feshin kan kayar da mutum, kuma an sha fesa shi kan gidaje da shaguna, har kayan abincin mai kanti su tashi daga aiki.

Duka shi ne mafi tsufa, shi ne kuma wanda aka taɓa mayarwa manufar gwamnati a fili. Intifada ta farko ta ɓarke a sansanin Jabaliya a Disambar 1987. Da duniya ta yi ca kan yawan waɗanda ake harbewa, sai ministan tsaro Yitzhak Rabin ya bayyana a Janairun 1988 cewa za a murƙushe boren da ƙarfi da iko da duka. Aka raba wa sojoji kulake. A watan ne aka kwashi mutum goma sha biyu daga garin Huwara da dare, aka kai su gona, aka ɗaure su, aka kakkarya musu hannuwa da ƙafafu. Kanal Yehuda Meir, wanda ya ba da umarnin, kotun soja ta same shi da laifi a 1991, hukuncinsa rage muƙami zuwa farabiti, bai kwana a kurkuku ba. A Fabrairu kuma gidan talabijin na CBS ya nuna sojoji a kan wani tsauni kusa da Nablus suna dukan hannuwan samari biyu da duwatsu.

Tawagar likitocin Amurka ta ƙungiyar Physicians for Human Rights da ta ziyarci asibitoci a wannan wata ta lura da wani abu a hotunan ƙashi. Karayar da mutum ke samu idan ya ɗaga hannu yana kare kansa tana da wurinta da siffarta. Abin da suka yi ta gani kuwa karaya ce a tsakiyar ƙasusuwan bayan hannu da na damtse, iri ɗaya a mutum bayan mutum, irin wadda ke faruwa idan an riƙe hannu an miƙe shi sannan aka sauke masa sanda. Wato ba a cikin kokawa aka yi su ba. Ƙungiyar Save the Children ta Suwidin ta ƙiyasta cewa yara tsakanin 23,600 zuwa 29,900 ne suka buƙaci magani saboda duka a shekaru biyun farko na boren, kusan kashi ɗaya cikin uku ba su wuce shekara goma ba.

Karaya ita ce abin da ido ke gani, amma ba ita ta fi kisa ba. Idan aka daɗe ana dukan cinya da baya da ɗuwawu, naman wurin yakan mutu ya saki wani sinadari cikin jini, wanda ke zuwa ya toshe ƙoda. Mutum zai taso daga duka yana tafiya da ƙafarsa, bayan kwana ɗaya ko biyu fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, sannan ya ɗauke. Idan ba a yi masa ƙarin ruwa da wuri ba, sai wankin ƙoda, ko mutuwa. Bugun gefen hagu na ciki kan fasa saifa, jini ya riƙa zuba a ciki ba a gani. Haƙarƙarin da ya karye yakan hana mutum jan numfashi sosai saboda zafi, majina ta kwanta a huhu, ciwon huhu ya biyo baya, abin da ke kashe tsofaffi. Bugun kai da gindin bindiga kan tsinka jijiyar jini a ƙarƙashin ƙoƙo, mutum ya yi magana lafiya lau da yamma, da asuba a kasa tada shi. Yaro kuma yana da wurin tsiro a ƙarshen kowane dogon ƙashi. Idan karaya ta bi ta nan, ƙashin na iya daina girma ko ya girma a karkace, ya tashi da hannu ɗaya gajere.

Wannan bai zama tarihi ba. A Yulin 2014 an ɗauki bidiyon 'yan sanda suna tattaka wani yaro ɗan shekara 15, Ba'amurke ɗan asalin Falasɗinu, a Shu'afat bayan an riga an danne shi. Wanda aka hukunta aikin al'umma na kwana 45 aka ba shi. A Disambar 2014 minista Ziad Abu Ein ya rasu a Turmus Ayya bayan an shaƙe masa wuya an kuma harba hayaƙi. Likitocin Falasɗinu da na Jodan suka ce duka da hayaƙi da jinkirin kai shi asibiti ne, na Isra'ila suka ce toshewar jijiyar zuciya ce da tashin hankali ya iya tadawa. Ko a bisa bayanin na biyu, tambayar tana nan: me ya tada zuciyar? A Janairun 2022 sojoji suka tsayar da wani dattijo ɗan shekara 78 a ƙauyen Jiljiliya cikin sanyin dare, suka ɗaure masa hannu, suka toshe masa baki, suka bar shi kwance. Bugun zuciya ya kashe shi. A Mayun shekarar aka ga 'yan sanda suna sauke kulake a kan masu ɗauke da makarar 'yar jarida Shireen Abu Akleh a harabar asibiti, har gawar ta kusa faɗuwa. A Afrilun 2023, cikin Ramadan, aka ga irin haka a cikin Masallacin Al-Aƙsa.

Mafi yawan duka ba a gaban kyamara ake yi ba, a bayan motar soja ake yi da wurin tsarewa. Asusun UNICEF ya ce a rahotonsa na 2013 cin zarafin yaran Falasɗinawa a tsarin tsarewar soja ya yaɗu, kuma ya zama tsari. Ankwar leda da ake ɗaurewa tamau tana danne jijiyar wuyan hannu, yatsu su mutu na watanni. Bayan Oktoban 2023 abin ya ƙazanta. A Afrilun 2024 jaridar Haaretz ta buga wasiƙar wani likitan Isra'ila da ya yi aiki a sansanin Sde Teiman, inda ya ce an yanke wa fursunoni ƙafafu saboda raunin ankwa. Gomomin fursunoni sun mutu a tsare, cikinsu har da Dakta Adnan al-Bursh, shugaban sashen ƙashi na asibitin Shifa, wanda ya rasu a kurkukun Ofer a watan Afrilun 2024.

A Gaza an ga mataki na gaba, inda harsashin gaske ya zama abin tarwatsa taro. Zanga-zangar neman komawa gida ta fara ranar 30 ga Maris 2018 a bakin shinge, ta ci gaba kowace Juma'a har ƙarshen 2019. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna an kashe mutum 214, an raunata sama da 36,000. Kusan 8,000 harbin bindiga ne, kuma kusan tara cikin goma a gaɓoɓi, galibi ƙafa. A nan ne kuma aka fara sako barkonon tsohuwa daga jirage marasa matuƙa a tsakiyar taro. Harbi a ƙafa yana kama da sassauci ga wanda bai ga raunin ba. Harsashin maharbi daga nesa yana da gudu ƙwarai, idan ya daki ƙashin ƙwauri sai ya mayar da shi gari. Likitocin MSF sun ce sun ga ramukan fitar harsashi masu girman dunƙulen hannu. Ƙashin da ya ɓace santimita biyar ko goma ba ɗori zai yi masa ba. Sai an kafa wa ƙafar ƙarfe daga waje, sandunansa soke cikin ƙashi, a yi ta tiyata har sau bakwai, jinyar ta kai shekara biyu. Kafin nan ƙwayoyin cuta sun shiga ɓargo, mugunya na fita ta gefen ƙarfen, kuma da yawa daga cikin cututtukan ba sa jin maganin da aka saba bayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga yanke gaɓoɓi 156, da mutum sama da 1,200 masu buƙatar a sake gina musu ƙafa.

Duk wannan ya sauka ne a kan asibitocin da wuta ke zuwar musu awa huɗu ko biyar a rana, kusan rabin muhimman magunguna sun ƙare. Ranar 14 ga Mayu 2018 kaɗai an harbi sama da mutum 1,300. Jijiyar jinin da ta tsinke tana da awanni ƙalilan kafin ƙafa ta mutu, amma fita daga Gaza neman magani sai da izinin Isra'ila, kuma cikin waɗanda suka ji rauni a zanga-zangar suka nema, waɗanda aka ba ba su kai ɗaya cikin biyar ba. A Gaɓar Yamma shingen bincike ne ke cin lokacin, motar asibiti ta tsaya, ko a sauke majinyaci daga wannan mota a ɗora shi a wata kafin ya shiga Ƙudus. Rauni ɗaya, a wani wuri tabo zai bari, a nan ƙafa ake rasawa.

Akwai kuma raunin da hoton asibiti ba ya nunawa. Marigayi Dakta Eyad el-Sarraj, wanda ya kafa cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Gaza a 1990, ya daɗe yana jan hankali kan yaran da aka daki ubanninsu a gabansu. A ganinsa wannan ya fi dukan yaron kansa illa, domin mutumin da yaro ya ɗauka shi ne garkuwarsa ya gan shi a ƙasa ba ya iya kare ko kansa. Fitsarin kwance, firgita cikin barci, rashin natsuwa a aji, saurin fushi, duk likitocin wurin sun saba ganinsu. Dakta Samah Jabr, likitar ƙwaƙwalwa a Ƙudus, ta sha yin bayanin cewa ma'aunin da aka gina don wanda bala'i ya wuce masa bai dace da mutumin da motar soja za ta dawo unguwarsa gobe ba. Tsoronsa ba ruɗu ba ne. Saurayin da ya rasa ƙafa kuma, a gidan da shi ne mai nema, ciwonsa na gidan ne gaba ɗaya, ga kuɗin magani, ga dogaro da ƙwayoyin rage zafi.

Isra'ila tana da amsarta, kuma ya kamata a ji ta. Tana cewa sojojinta na fuskantar duwatsu da majajjawa da kwalaben fetur, a Gaza kuma da yunƙurin keta shinge da balan-balan masu tada gobara, kuma waɗannan makamai ne ke hana a kai ga harbin kisa. Gaskiya ne dutse na raunatawa, ya ma kashe Isra'ilawa a kan hanya. Kotun ƙolin ƙasar ta yi watsi da ƙarar da aka shigar kan dokokin harbi a Gaza a Mayun 2018. Sai dai kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Santiago Canton ya ce a 2019 akwai dalilai masu ƙarfi na yarda cewa an harbi yara da ma'aikatan lafiya da 'yan jarida da naƙasassu alhali ana ganin ko su wane ne. Jagorar Majalisar ta 2020 kan irin waɗannan makamai ta ce kada a yi amfani da harsashin ƙarfe mai rufin roba, kada a auna kai, kada a saita gwangwanin hayaƙi kan mutum. Hujjar kare kai ba ta bayyana idon yaron da ya sauko daga motar makaranta ba, ba ta bayyana hayaƙi a ɗakin kwana ba, ba ta bayyana karayar hannun da aka riga aka ɗaure ba.

Dokar tazara da ta auna ƙafa tana aiki ne kawai idan wanda ya karya ta ya san zai amsa tambaya. Ƙungiyar Yesh Din ta Isra'ila ta bi ƙorafe-ƙorafe 1,260 da aka shigar kan sojoji daga 2017 zuwa 2021, waɗanda suka kai ga tuhuma ba su cika kashi ɗaya cikin ɗari ba. B'Tselem, bayan shekaru fiye da ashirin tana kai ƙara ga masu binciken soja, ta sanar a 2016 cewa ta daina, domin ta gamsu cewa tsarin na wanke laifi ne.